Likita, me za mu ba mai wahalar haɗiya kafin ya isa babban asibiti?

Assalamu alaikum Likita. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Mu ma'aikatan jinya ne a wani ƙaramin asibitin karkara, muna neman shawararka kan masu wahalar haɗiya waɗanda matsalarsu ba ta shanyewar ɓarin jiki ba ce.

Tambayar da muke fara yi wa mara lafiya ita ce: me ya fi ƙin wucewa, tuwo ko ruwa? Idan hanyar abinci ce ta tsuke, nama da tuwo ke fara tsayawa a ƙirji, ruwa yana wucewa, sai daga baya kunu ma ya gagara. Haka yake ga yaron da ya sha sodar haɗa sabulu bisa kuskure: baki ya warke, iyaye su saki jiki, bayan 'yan makonni tabon ƙunar ya matse hanyar. Babban maƙoƙo ma kan danne ta daga waje. Wanda ya haura shekara 50 yana ramewa, abinci na ƙara tsaya masa wata bayan wata, wannan ba ma jira, tura shi muke a duba ko ciwon daji ne. Akwai kuma akaleshiya, inda bakin hanyar na ƙasa, wurin da ta haɗu da tumbi, ke ƙin sakewa. Nan tuwo da ruwa duka ke tsayawa tun farko, in an kwanta abincin ya dawo yadda aka haɗiye shi.

Waɗanda suka fi tayar mana da hankali su ne masu ciwon tsoka, domin su ruwa ne abokin gabarsu. Ruwa yana da sauri, tsokar maƙogwaro mai rauni ba ta rufe hanyar iska kafin ya iso, sai mutum ya ƙware, ko ruwan ya fito ta hanci. A irin wanda ake kira mayasteniya, garkuwar jiki ce ke tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Mutum zai karya kumallo lafiya lau, da yamma fatar ido ta sauko, murya ta koma ta hanci, muƙamuƙi ya gaji a tsakiyar cin abinci. Da yake abin na zuwa yana tafiya, dangi sukan ce iska ce ko sammu, wasu su kai wa wanzami ya cire hakin wuya, wanda ke ƙara rauni da zubar jini a kan maƙogwaron da da ma ba shi da ƙarfi. Wasu kuma a yi musu allurar jentamaisin ko a ba su kwinin a kemis, alhali duka biyun suna tsananta ciwon har numfashi ya gaza. Kumburin tsoka shi ma yana taɓa haɗiya, amma shi mai shi zai ce tashi daga tabarma da ɗaga hannu sama ke ba shi wuya.

Abin da muke koya wa masu jinya a yanzu: a zaunar da mara lafiya bayansa a miƙe, a ba shi abinci da ƙaramin cokali, kimanin mililita 5, kada a ƙara sai ya haɗiye na baya, ya ci gaba da zama minti 30 bayan an gama, a goge masa baki da haƙora. Ɗura a kwance mun hana ta gaba ɗaya. Mai shan piridostigmin, wato maganin mayasteniya, kuma ya sha minti 30 zuwa 60 kafin abinci.

Ga inda muka tsaya, Likita. Kunu mai kauri ya fi ruwa sauƙin haɗiya, amma a zafin bazara mara lafiya na bushewa da wuri. Yaya za mu cika masa ruwan jikinsa ba tare da ya tafi huhu ba, tunda wasu ba sa ko tari, sai dai a ji murya ta jiƙe, kwana biyu zazzaɓi da namoniya su biyo baya? Shin ya dace mu zura robar abinci ta hanci alhali ba mu da hoton bariyom, wanda ake ɗauka bayan mutum ya haɗiyi wani farin ruwa mai fitowa a hoto, da zai nuna ko hanyar ta tsuke ko akwai aljihu a maƙogwaro, inda robar ka iya huda wuri? Kuma idan mai mayasteniya ya kasa ƙirga 1 zuwa 20 da numfashi guda, mu ɗauki wannan kaɗai a matsayin dalilin tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a daren nan?

Muna kuma roƙon ka yi wa iyalai bayanin ɗura da cire hakin wuya a shirinka, domin maganarka ta fi tamu shiga kunne.

Allah ya saka da alheri.

Naka,
Wasu ma'aikatan jinya