Barka da Sallah, ga kuma bayanin shukar soso

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya, da Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana, Ya maimaita mana. Ni a nan ƙasar waje lafiya lau nake, sai dai kewarku da ke ƙaruwa a rana irin ta yau.

Inna, kun ce kuna so a shuka soso a gida don wanka da wanke-wanke, kuma na ji daɗin wannan shawara ƙwarai. Gindi 2 ko 3 sun ishi gida shekara guda, har a ba maƙwabta. Auta, aikin a hannunka zai faɗa, saboda haka da kai nake, ka karanta a tsanake.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne soso ba ya son gaggawa. Daga shuka zuwa ƙosawa yakan ɗauki kwana 150 zuwa 200. Wanda ya makara da shuka zai ga ganye da fure da 'ya'ya kore shar, amma zaren da ke ciki ba zai yi ƙwari ba. Don haka da damina ta kankama ka shuka, idan kuma ruwa ya ɗauke kafin su ƙosa, ka ci gaba da ban ruwa.

Kafin ka taɓa iri, ka kafa rumfa. Soso ɗan uwan kabewa ne da duma, yaɗo yake yi, kuma gindi ɗaya kan miƙe har mita 9. Ɗanyen ɗa guda yakan kai kilo 1 ko fiye, idan suka yi yawa kuwa rumfar kara ba za ta ɗauka ba. Ka samu dirkoki masu ƙwari, tsayinsu mita 2 daga ƙasa, ka binne su sosai, ka gitta sanduna a sama, ka ɗaura waya ko igiya mai kauri a tsakani. Wurin ya zama yana samun rana aƙalla awa 6 a wuni. Ina nanata batun rumfa ne domin ɗan da ya kwanta a ƙasa lanƙwashewa yake yi, gefen da ya taɓa danshi ya yi baƙi ya ruɓe. Wanda ke reto a sama kuwa nauyinsa ne ke miƙar da shi sambal, iska na ratsa shi ta ko'ina.

Iri mai kyau baƙi ne, mai faɗi, mai tauri. Wanda ya yi fari-fari, ko ya lotsa idan ka matsa shi da yatsa, bai ƙosa ba, ka zubar. Ɓawon irin yana da tauri, shi ya sa yake jinkirin tsirowa. Ka ɗan ƙwarzane gefensa da abin yanke farce, ba tare da ka taɓa ƙwayar ciki ba, sannan ka jiƙa shi a ruwa mai ɗumi na awa 24. Kada ya wuce haka, ruɓewa zai fara. Ka haƙa rami, ka gauraya ƙasar da takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe, kamar cikin bokiti guda a kowane rami. Ɗanyen kashin dabbobi ƙona saiwa yake yi. Ka sa ƙwaya 2 ko 3 a zurfin santimita 2, tsakanin rami da rami mita 1. Cikin kwana 7 zuwa 14 za su tsiro. Idan sun yi ganye 4, ka bar mafi ƙarfi a kowane rami, sauran ka yanke su daga gindi. Kada ka tumɓuke, za ka girgiza saiwar wanda ka bari.

Ruwa a gindi ake zuba shi, da safe, ba a kan ganye ba. Yana son danshi amma ba ya jure ruwa ya kwanta masa, don haka idan wurin yana tara ruwa ka yi masa kunya ka shuka a kanta. Makonnin farko za ka ga kamar ba ya motsi, saiwa yake kafawa. Da ya fara miƙewa ka ɗaura shi sako-sako a jikin dirka da tsumma, daga nan zai kama da kansa.

Sai batun fure, inda mutane da yawa ke karaya. Gindi ɗaya yana fitar da fure iri biyu, duka ruwan ɗorawa. Namiji yana fitowa a gungu a kan dogon tsinke, kuma shi ke rigan fitowa. Zai buɗe da safe, ya faɗi, wani ya buɗe gobe, a yi ta haka har mako 2 ko fiye babu ɗa ko ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne, kada ka sare shukar. Macen ita kaɗai take fitowa, kuma idan ka duba bayan furen za ka ga ɗan ƙaramin soso kamar yatsan yaro. Ƙudan zuma ke ɗaukar garin fure daga namiji zuwa mace. Idan ka ga 'yan ƙananan suna yin rawaya suna motsewa suna zubewa, garin bai isa gare su ba. Maganinsa da sauƙi: da sassafe ka tsinki furen namiji da ya buɗe a ranar, ka cire masa ganyayen furen, ka goga tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali. Saboda ƙudan zumar nan ne kuma nake roƙo kada a yi feshin maganin ƙwari da safe lokacin da fure ke buɗe.

Idan kuwa ganye ya yi duhu ya cika rumfa amma fure ya ƙi zuwa, taki ne ya yi yawa, musamman na zamani irin yuriya. Ka dakatar da shi, ka rage rassan da suka cunkushe don haske ya shiga.

Babban maƙiyin 'ya'yan wani ɗan ƙuda ne da ke huda su tun suna ƙanana ya saka ƙwai a ciki. Za ka ga ɗigon ƙaro a jiki, wurin ya lotsa, idan ka tsaga ka tarar da tsutsa. Duk wanda ya kamu ka cire shi ka binne da zurfi, kada ka yar a gindin shukar, domin tsutsar ƙasa take shiga ta dawo ƙuda. Masu lafiya ka rufe su da jakar takarda ko ƙyalle mara nauyi da zarar furen ya bushe, har ɓawonsu ya yi tauri. Ganyen da ya yi farar ƙura a sama, fumfuna ce, ka cire shi ka kai nesa. Furen da ya zo a ƙarshen lokaci kuma ka tsinke shi, ba zai kai ga ƙosawa ba, ƙarfin manyan kawai zai rage.

Yanzu ga inda ake yawan asara: ɗiba kafin lokaci. Girman ɗa ba shi ne ƙosawa ba. Zai kai santimita 30 zuwa 60 yana kore, alhali cikinsa tsoka ce da ruwa. Ka bar shi a jikin uwarsa har ɓawon ya koma rawaya, sannan ruwan ƙasa. Ka ɗaga shi a tafin hannu, za ka ji ya zama sakayau. Ka matsa, ɓawon zai ɗan ɓurma ya rabu da zaren. Ka girgiza, iri zai yi ƙara a ciki. To, a nan ne za ka yanke shi. Amma idan ana ruwa a lokacin, kada ka jira ya bushe ƙarau a sama, ka cire shi tun yana rawaya, don danshi na sa zaren ya yi baƙaƙen tabo da ba sa fita.

Ka ɓalle ƙasansa, wajen da furen yake a da, ka bubbuga iri ya zubo. Idan ɓawon ya ƙi fita, ka jiƙa shi a bokiti na minti 20 zuwa 30, sai ya saɓule. Ka wanke zaren da ruwa da ɗan sabulu, kana matsewa, har yauƙin ya ƙare, domin yauƙin da aka bari shi ke jawo wari da fumfuna. Ka shanya a rana kwana 2 ko 3 kana juyawa. Ni dai ba na ba da shawarar sa bilic don ya yi fari, yana rage wa zaren ƙarko. Irin shekara mai zuwa ka ɗiba daga ɗan da ya fi girma da miƙewa, ka shanya a inuwa, ka adana a takarda a wuri busasshe.

Inna, wajen amfani a yanka shi gunduwa-gunduwa, a ware na kwanuka daban, na wanka daban, kowa da nasa. Sabo yana da kaushi, a jiƙa shi a ruwan zafi tukuna. Kada a goga shi a fuska ko a kan rauni. Bayan kowane amfani a ɗauraye, a matse, a rataye inda iska ke bugawa, ba a bar shi cikin kwandon sabulu a jiƙe ba. Na wanka a riƙa canja shi bayan mako 3 ko 4, ko da zarar ya fara wari.

A gaishe mini da dukkan 'yan uwa da abokan arziki. Baba, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
ɗanku.