Zuwa ga ɗalibin da ya yi tambaya a kan enzayim ɗin yis

Assalamu alaikum, ɗana.

A ƙarshen laccar da na gabatar ka miƙe a gaban jama'a ka ce: tun da enzayim Spo14 (furotin mai hanzarta sauyin sinadarai) yana cikin ƙwayar yis tun kafin yunwa ta kama ta, me ke sa aikinsa ya zama dole sai lokacin da za ta yi 'ya'yan iri? Ka kuma kawo naka hasashen, cewa ƙwayar ƙara yawansa kawai take yi. Lokaci ya ƙure mana a ranar, ga amsar a rubuce.

Yis ɗin nan shi ne na masu burodi, Saccharomyces cerevisiae. Idan ƙwaya mai kuromosom (zaren da ke ɗauke da kayan gado) ninki biyu ta rasa naitirojin da gulukos, ta samu abinci irin su asitet, sai ta daina tsiro. Takan raba kayan gadonta gida huɗu, ta ɗinka wa kowane kaso sabon tantani a cikin cikinta, 'ya'yan iri huɗu su kwanta a jaka ɗaya suna jiran sauƙi. Spo14, wanda fosfolifes D ne, yana tsaga maiƙon fosfatidilkolin ya fitar da kolin da fosfatidik asid. Ƙwayar da aka cire mata shi tana rayuwa lafiya lau muddin akwai abinci, amma in yunwa ta zo sabon tantanin ba ya haɗuwa.

Hasashenka yana da ƙamshin gaskiya, domin yawansa yana ƙaruwa a wannan lokaci. Sai dai bai isa ba, kuma gwajin da ya nuna haka ina ganin ya kamata kowane ɗalibi ya san shi. A Jami'ar Stony Brook ta jihar New York a Amurka, JoAnne Engebrecht da abokan aikinta sun nuna a 1995 cewa Spo14 fosfolifes D ne. A 1998 suka liƙa masa furotin mai ƙyallin kore don su bi sawunsa. A lokacin wadata yana warwatse cikin ruwan ƙwaya. Da rabon gado ya kankama sai ya tattara a inda sabon tantani ke tasowa. Daga nan suka yi masa illa iri biyu. Na farko suka kashe bakin da yake tsaga maiƙo da shi: ya isa wurin, bai iya komai ba. Na biyu suka yanke masa farkon jiki, ɓangaren da ake ɗora wa fosfet a lokacin rabon: a kwalbar gwaji yana tsaga maiƙo sarai, amma a cikin ƙwaya bai je wurin ba, kuma ba a samu ɗan iri ba. Wanzami ne da aska mai kaifi yana zaune a gida, jariri yana can gidan suna.

Akwai sharaɗi na biyu da ɗalibai ke yawan tsallakewa. Enzayim ɗin ba ya aiki sai ya haɗu da wani maiƙo da ake kira PIP2 a jikin tantani. Ke nan ko ya iso, tantanin ne ke ba shi izini.

Za ka ce to me fosfatidik asid ɗin yake yi da har sai an samar da shi daidai wurin? Sabon tantanin daga ƙananan jakunkunan maiƙo ake gina shi, waɗanda ke taruwa a ƙarshen igiyoyin da ke jan kuromosom a zagaye na biyu na rabon. Furotin Spo20, ɗaya daga cikin masu haɗe jakunkunan, yana da wani lanƙwasasshen yanki da ke manne wa fosfatidik asid. Ɗakin binciken Aaron Neiman, shi ma a Stony Brook, ya bayyana wannan. In babu Spo14 a wurin, jakunkunan sukan zo su yi cirko-cirko ba tare da sun narke cikin juna ba.

In ka samu madubin ƙara girma a ɗakin gwajinku, ka sa yis mai ninki biyu a ruwan potasiyam asitet, ka duba bayan kwana biyu ko uku. Ka zo mini da zanen abin da ka gani.

Malaminka.