Don Allah a daina fasa tsoffin rediyo masu lampu saboda jan ƙarhe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina gaisuwa, da fatan kuna lahiya ku da ma'aikatanku. Ku ba ni ɗan hili in yi magana a kan wani abu da na gani da idona satin da ya wuce, wallahi har yanzu bai bar raina ba.

Ina dawowa daga babbar kasuwa bayan la'asar sai na iske wasu yara masu sayen tsohon ƙarhe zaune gindin dogon yaro suna fasa akwatin rediyo da guduma. Grundig ce ta Jamus, irin mai katako mai ƙyalli da fararen maɓallai jere kamar haƙora, kafin in tsaida moto sun riga sun farfasa gilashin gaba sun ɓalle taransfo suna warware wayar jan ƙarhe. Na ce nawa kuka saye ta, suka ce jika ɗaya da rabi wajen wata tsohuwa da ta ce ta maigidanta ce marigayi, ta gaji da share mata ƙura. Ban ga laihin yaran ba, abincinsu suke nema, ita ma tsohuwar ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ta aje. Na ba su jika biyu na kwashi lampu huɗu da suka tsira, wato ƙwayayen gilashin nan da tsohuwar rediyo ke aiki da su, na tahi gida.

Gyaran rediyo wajen kawuna na koye shi tun ina ƙaramin yaro, kuma ko da wayar hannu ta kashe muna kasuwa ban bar sana'ar ba, yanzu haka rediyo tara gare ni a ɗaki. Ta farko Philips ce da mahaihinmu ya saya da kuɗin gyaɗa. Wanda ya san Maradi lokacin da gyaɗa ke ci ya san mallakar irin wanga akwati ba ƙaramin abu ba ne, maƙwabta kan shimfiɗa tabarmi ƙofar gida don jin labaru. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyo Nijar ya buɗe a 1958, to da waɗannan akwatunan iyayenmu da yawa suka fara jin harshensu na hitowa daga iska. Gidan da ba kuran kuma akwai mai batir, wadda sunan lampunta ke farawa da harahin D kamar DK96 da DL96, tana cin batir biyu, ƙarami na dumama lampu da babba mai kai volt 90.

Babban abin da ya sa na rubuto shi ne, duk wanda ya iske irin wagga rediyo a ɗakin tsohonshi, don Allah kada ya jona ta ga kuran wai ya gani ko tana yi. Nan ne ake kashe mafi yawansu. Lampun da mutane ke zargi su ne ma suka fi ƙarko, sau da yawa sai ka iske EL84 ta shekara sittin tana aiki lahiya lau. Masu cutar su ne ƙananan kondansa, wato 'yan sassan da ke riƙe wuta, na takarda da aka lulluɓe da kaki ko kwalta, da sun tsufa sai su riƙa yoyon wuta. Akwai guda ɗaya da ke tsakanin lampun EABC80 da EL84, aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare babbar wuta, in ta fara yoyo sai EL84 ta riƙa jan wuta fiye da ƙima ta yi zahi har cikinta ya yi ja, daga nan taransfon lasifika ya ƙone. Wani maƙwabcina haka ta faru da shi, ya jona Radiola ta kakanshi ta yi magana kamar minti goma yana murna ya kira iyali su zo su ji, sai hayaƙi da wari. Kondansar da za ta hana wannan ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba, amma taransfon na neme shi Katsina na neme shi Kano ban samu ba, ƙarshe sai da na zauna na naɗa mishi waya da hannu, kwana huɗu ina abu guda.

Kafin komi a juya bayanta a duba ɗan faifan da ake zaɓen wuta, za a ga 110, 127, 220, wani lokaci da 240. Rediyon Faransa da yawa kan 110 ko 127 aka baro su don wutar da gidajensu ke sha ke nan a zamanin, mu kuwa 220 gare mu, in ba a juya ba ko ƙiftawar ido ba ta yi. Ni in zan tada wadda ta daɗe kwance sai na ratsa ampul mai zare na wat 60 a kan waya guda tsakaninta da bango, in ampul ɗin ya haska ya dushe to da sauƙi, in ya tsaya da haske tar akwai inda wuta ke haɗewa, sai a cire nan take. Ampul na LED ba ya wannan aikin, shi ya sa duk shagon da na ga tsohon ampul saye nake in ɓoye.

Ga samari masu karambani kuma ina jan kunne. Cikin akwatin nan akwai wuta ta kai volt 250 ko fiye, kuma babbar kondansar nan ta gwangwani, wadda in ta bushe rediyo ke gurnani huuu ba tsayawa, tana iya riƙe wuta ko bayan an zare waya. Mafi haɗari su ne masu lampun da ke farawa da U, kamar UCH81 da UL84, yawancinsu ba su da taransfon wuta, ƙarhen cikin zai iya zama ɗauke da kuran ɗin bango kai tsaye. Masu E sun fi sauƙi, volt 6.3 ke dumama su daga taransfo. Kawuna, Allah ya jiƙan shi, bai taɓa barina in taɓa ciki da hannu biyu ba ko ƙafa ba takalmi.

Sai kuma cutar garinmu da Turawan da suka ƙera su ba su yi lissahi da ita ba. Gara na cin katako daga ƙasa, ɓera na yanke zaren da ke jan allura, zanzaro ya shiga ya yi ginin laka tsakanin faifan neman tasha, ƙurar hunturu ta toshe maɓallai. Rabin waɗanda ake kawo mini da cewa sun mutu, buroshi da haƙuri kawai suke so.

Wasu na cewa ko an gyara me za a ji. Gaskiya ne GO, wato dogon zango, kusan ta yi shiru, tashar Faransa ta Allouis ta daina sa shirye-shirye a ƙarshen 2016, kuma sunayen da ke rubuce a gilashi irin su Hilversum da Luxembourg da Monte Carlo sun zama na kallo. Na Jamus masu UKW, wato FM, na shekarun 1950 galibi kan mita 100 FM suke tsayawa, duk tashar da ta wuce nan ba a kama ta, kada a ce lalacewa ce. Amma OC da PO, wato gajeren zango da matsakaicin zango, da dare har yanzu da magana, a miƙa waya kamar mita goma daga tagar ɗaki zuwa icce, a cire cajar waya a kashe inbata na sola don su ne ke cika ta da ƙara, sannan a zauna a ji muryar da ke hitowa daga babbar lasifika cikin katako, wayar hannu ba ta da irinta.

Ina roƙon malaman lantarki na Lise Teknik Ɗan Kasawa da sauran wuraren koyon sana'a su nemi ko guda biyu su aje wa ɗalibai, don a nan yaro ke ganin kowane sashe da idonshi ya bi waya da yatsa ya gane inda sauti ke bi. Mu da muka iya mun rage kaɗan kuma ido ya fara rauni, ni dai a shirye nake in zo in nuna ba da ko dala ba. Masu tsohuwar rediyo a gida kuma, in ta dame ku ku kai wa mai gyara na unguwa ya gani kafin ku kira masu sayen tsohon ƙarhe.

Cikin lampu huɗun da na tsamo akwai EM80, koren idon nan da ke buɗewa in tasha ta zauna daidai. Na sa shi a wata Telefunken da nata ya dushe shekaru, daren jiya ya kama, jikokina suka kewaye shi suna ta tambaya. Sauran ukun na naɗe su a tsumma na sa a gwangwani, ko Allah zai kawo wata Grundig da ranta.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jarida.

Naku mai karatu,
wani mai gyaran rediyo, unguwar Mokoyo, Maradi