Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Guterres: Su Wa Za Su Rubuta Yarjejeniyar 2028?

Mai girma Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ranka ya daɗe, ina gaisuwa.

A Disamban 2024 Babban Zauren Majalisa ya amince a zauna a 2028 da 2029 don ƙulla yarjejeniyar hana laifukan cin zarafin bil'adama da hukunta masu aikata su. Na yi murna. Kisan ƙare dangi ya samu tasa yarjejeniyar tun 1948, laifukan yaƙi tun 1949, wannan kuwa an bar shi a baya fiye da shekara saba'in. Amma murnata ta zo da tsoro, tsoron kada a rubuta dokar alhali mata suna bakin ƙofa.

Ba zato nake yi ba. Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa, wadda ta kammala daftarin yarjejeniyar a 2019, an kafa ta a 1947, kuma ba a taɓa zaɓen mace a cikinta ba sai 2001. A zaɓen 2021, cikin kujeru 34, biyar kacal mata suka samu. A zaɓen ne ma 'yar Afirka ta farko, Phoebe Okowa ta Kenya, ta shiga.

Wani zai ce doka doka ce, ko wa ya rubuta. To a tuna shari'ar Akayesu, wani tsohon magajin gari a Ruwanda, a kotun Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan ƙare dangi na Ruwanda da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya. Takardar tuhuma ta farko babu fyaɗe a cikinta ko sau ɗaya. Sai da shaidu mata suka fara faɗin abin da aka yi musu da 'ya'yansu, Mai Shari'a Navi Pillay, mace ɗaya tilo a cikin alƙalan uku, ta bi maganar da tambayoyi, sannan aka gyara tuhumar. A 1998 kotu ta yanke cewa fyaɗe na iya zama kisan ƙare dangi. Da ba ta zauna a kujerar nan ba, wa ya san inda shaidar matan za ta ƙare? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daftarin na yanzu kusan kwafe ma'anar laifukan ya yi daga Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya (ICC), har da giɓinta. Auren dole ba shi da suna a ciki. Lokacin da kotun ICC ta kama Dominic Ongwen, wani kwamandan 'yan tawayen Uganda, da wannan laifi a 2021, sai da aka raɓa shi a ƙarƙashin "sauran ayyukan rashin imani". Yarinya an sace ta, an miƙa wa kwamanda, an ce matarsa ce, ta haifa masa 'ya'ya a daji, amma abin da aka yi mata sai dai a jefa shi cikin "sauran". Wannan ya tsaya mini a rai.

Kai da bakinka, a Janairun 2023 gaban Kwamitin Sulhu, ka kwatanta abin da ake wa matan Afganistan da mulkin wariya na jinsi. Matan ƙasar suna roƙon a sa shi cikin yarjejeniyar a matsayin laifi. Za ka maimaita kalmar yanzu da take da amfani? Kuma kai ne a 2017 ka ɗauki alkawarin daidaita yawan maza da mata a ma'aikatan Majalisa kafin 2028, shekarar da za a buɗe taron nan.

Na san ƙasashe ne ke zaɓen wakilansu, ba kai ba. Amma muryarka tana isa fadar kowane shugaba. Don Allah ka rubuta musu, ka nemi rabin kowace tawaga ya zama mata, masu riƙe da alƙalami, ba masu cika kujerun baya ba. A wallafa sunayen tawagogin kowa ya gani. Matan da suka tsira daga waɗannan laifuka a ba su damar magana a zauren, a taimaka musu da biza da kuɗin tafiya. Akwai batun diyya da kare shaidu, su ma suna nan.

Wa'adinka zai ƙare a ƙarshen 2026, kafin a zauna babban taron. Tun ran gini ake zane, ranka ya daɗe, kuma wasiƙar da za ka aika wa ƙasashe ba ta buƙatar ƙuri'ar kowa.

Na gode.