Ina koyar da Turanci a Tailan, kaɗaici na neman fin ƙarfina

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Ina roƙon a sakaya sunana idan za a karanta wasiƙar nan, domin Innata ba ta bari shirinka ya wuce ta, kuma akwai abin da zan faɗa wanda ban taɓa faɗa mata ba.

Ni ɗan Bauchi ne, haifaffen unguwar Jahun, shekaruna sun ɗan haura talatin. Turanci na karanta a jami'a. Bayan bautar ƙasa na koyar a wata makarantar kuɗi a nan cikin gari, da albashin da ba ya kai mutum tsakiyar wata. Wani abokin karatuna ne ya nuna min hanyar aikin koyarwa a ƙasar Tailan. A wurinsu ɗan Najeriya ba ya cikin waɗanda suka tashi da Turanci a baki, saboda haka sai da na zauna jarrabawar TOEIC ta gwajin iya Turanci kafin takarduna su kammala. Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a wani ƙaramin gari cikin lardin Kon Ken, a yankin da suke kira Isan, wanda ya yi iyaka da Lawos. Daga Bankok tafiyar awa shida zuwa bakwai ce a bas. Makarantunsu na rufewa a watan Maris, su buɗe a tsakiyar Mayu, shi ya sa nake gida yanzu. Kafin hutun ya ƙare dole in ba su amsa: ko in sake sa hannu na wata shekara, ko in ce musu na gode.

Malam, ba ƙorafin kuɗi na kawo ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, abin da nake turowa gida ya zama abin a zo a gani. Na gyara wa Inna ɗaki, ƙannena biyu suna karatu, alhamdulillahi. Ba kuma wulaƙanci ake min ba. Mutane ne masu fara'a, ɗalibai kuwa idan suka hango malami sai su haɗa tafukan hannu su rusuna, ladabin da na daɗe ban gani ba ko a nan gida. Damuwata tana farawa ne da ƙarfe huɗu na yamma, idan an tashi kowa ya hau babur ɗinsa ya kama gabansa. Daga wannan lokaci har ƙarfe takwas na safiyar gobe da za a taru a ɗaga tuta, ana iya wayar gari ban yi magana da kowa ba in ban da mai shagon da nake sayen ruwa. Asabar da Lahadi kuwa ba a magana.

Ka san yadda muka tashi. A Jahun ba wanda ya taɓa koya min neman aboki, domin ba nemansa ake yi ba, tarar da shi ake yi a ƙofar gida. Bayan la'asar ga benci, bayan isha'i ga tabarma da mai shayi, a yi gardamar Wikki Tourists, a zagi gwamnati, a tsokani wanda budurwa ta yaudara, wani ya sayo masa da miya a sa hannu. Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi jana'iza. Idan aka yi kwana biyu ba a gan ka a masallaci ba, sai a aiko yaro ya duba ko lafiya. A da har haushi nake ji, ina cewa mutum ba shi da lokacin kansa. To yanzu na sami lokacin kaina har ya yi min yawa.

Za ka ce ai akwai waya. Tailan tana gaban Najeriya da awa shida. Lokacin da nake tashi daga aiki, ƙarfe goma na safe ne a Bauchi, kowa na wurin nemansa. Lokacin da majalisarmu ke cika bayan isha'i, ni ƙarfe biyun dare ne a wurina. Sai da asuba nake buɗe WhatsApp in tarar da hirar da aka riga aka gama, an yi dariya an watse. In na sa baki, sai wani ya amsa da “sai kai mutanen waje”, shi ke nan.

Ba zama na yi na naɗe hannu ba. Da farko na bi sauran malamai baƙi. Turawa 'yan Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu suna haɗuwa a birnin Kon Ken ƙarshen mako, kuma sun gayyace ni da zuciya ɗaya. Amma duk haɗuwarsu a mashaya ce. Nakan karɓi lemo in zauna, kafin a yi nisa hirar ta koma inda ba na iya binta, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da zaman ba, don na san abin da aka ce game da zama a teburin da ake shan giya. Malamai 'yan Filifin sun fi sauran baƙi yawa a makarantun yankin, mutanen kirki ne ƙwarai, sai dai nasu zumuncin a coci yake ranar Lahadi, daga nan a wuce gidan ɗaya daga cikinsu a yi ta waƙe-waƙe da yarensu.

Waɗanda suka fi tsaya min a rai su ne malamai 'yan ƙasar, domin su nake gani kullum, kuma na lura rayuwarsu ba ta da nisa da tamu. Manoman shinkafa ne da rake da rogo, suna girmama tsofaffi, suna cin abinci a ƙasa kan tabarma, a kwano ɗaya, da hannu. Har fara suna soyawa su sayar a kasuwar dare, ranar da na fara gani sai da na yi dariya ni kaɗai. Zumuncinsu kamar namu, ta ƙofa biyu ake shigarsa: wurin ibada da akushi. To su mabiya addinin Buda ne, tarukansu da yawa, na mutuwa ko na murna, a haikalinsu suke farawa. Abincin da suke taruwa a kai idan an yi albashi kuwa gashin naman alade ne, kowa na juya nasa a kasko ɗaya a tsakiyar tebur, ga kwalabe a gefe. Na yi musu bayani, sun fahimta, har wata dattijuwar malama ta riƙa kawo min 'ya'yan itace da dafaffen ƙwai don kada in zauna haka. Amma a hankali suka daina gayyatata. Ba don ƙiyayya ba, na tabbata. Su mutane ne masu tsananin gudun takura wa wani, sun ga kamar suna sa ni a tsaka mai wuya, sai suka ga mutuntawa ce su ƙyale ni. Ni kuma kunya ta hana in ce a ci gaba da kira na ko da ba zan ci ba.

Da mahaifin wani abokin aikina ya rasu na je ta'aziyya, na tsaya daga baya lokacin da malaman addininsu ke karatu, na ba da gudummawa a ambulan kamar yadda kowa ya yi. Ya ji daɗi sosai, har yau yana ambata. Ni kuma na dawo ɗaki ina ta saƙe-saƙe ko na wuce gona da iri. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. To Malam, wace jelar ce ta halatta, wacce ce ba ta halatta ba?

Harshe ma shinge ne. Yarensu yana da karin sauti biyar, baƙaƙensa 44, kuma abin da na koya a littafi ba shi mutanen Isan ke yi a gida ba, nasu ya fi kusa da na Lawos. Ina iya ciniki a kasuwa, ina iya gaisuwa, amma hira mai daɗi wadda ake tsokana a rama, ban kai nan ba. Masu matsowa kusa da ni don Turanci kuwa suna da yawa. Sai mutum ya gayyace ka shan kofi, kana murna ka yi aboki, kafin ka ankara ya ajiye maka ɗansa a gaba ya ce ku yi ta magana. Ban ga laifinsu ba, amma mutum yakan so a neme shi don shi kansa, ba don darasi kyauta ba. Abin da ke ɗan buɗe min baki da maza shi ne ƙwallo. Da yake masu kulob ɗin Leicester 'yan Tailan ne, da na ce Najeriya sai ka ji an ce Ndidi, Iheanacho, wani ma ya tuno Ahmed Musa. A yi dariya, a tafa, daga nan kuma kalmomi su ƙare mana.

Masallaci shi ne inda na sa rai, kuma nan ne kaɗai nake jin na dawo mutum. Sai dai babu shi a garin da nake, sai na shiga birni, tafiyar fiye da awa guda, ga shi Juma'a ranar aiki ce a can. Idan jadawalin darasi ya yi min kyau nakan samu, idan bai yi ba sai azahar a ɗaki. Jama'ar masallacin akwai jikokin Fatanawa da kakanninsu suka zo daga wajen Fakistan, yawancinsu harkar shanu da fawa suke yi, akwai kuma ɗalibai 'yan kudancin ƙasar masu jin Malayanci da ke karatu a jami'ar Kon Ken. Suna karɓata hannu bibbiyu, bayan salla a zuba shinkafa da kaza a ce bismilla. Amma ni ina kallon agogo, don akwai aji na jira na. Azumi ni kaɗai nake sahur, ni kaɗai nake buɗa baki. Salla ba ranar hutu ba ce a yankin, sai a lardunan kudu irin su Fattani da Yala da Naratiwat inda Musulmi suka fi yawa. Akwai sallar da na yi ina tsaye gaban allo, ana turo min hotunan hawan Sarki daga gida. Ranar na yi kuka, Malam, ban ɓoye maka ba.

A Bankok akwai 'yan Afirka, wajen unguwannin Nana da Faratunam, har Hausawa 'yan kasuwa da masu harkar duwatsu masu daraja akan samu. Amma nisa ga shi, kuɗin mota ga shi, kuma baƙin da ke zuwa sari kwana kaɗan suke yi su wuce. Ga tsoron mu'amala da wanda ba ka san sana'arsa ba, don a ƙasar mutane laifin ɗan ƙasarku ɗaya yana iya shafar takardunka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Da na ɗan taɓa wa Yayana zancen, sai ya kai wa Kawu, Kawu kuma ya yanke hukunci nan take: maganin gwauro aure. Dama akwai yarinyar da muke tare, 'yar Unguwar Kobi, an riga an kai gaisuwa. Suna so a ɗaura kafin in koma, in tafi da ita ko ta biyo ni daga baya. Ina son ta, ina kuma son auren. Amma bizar da za a ba ta ta zaman iyali ce, ba ta aiki ba. Ni ina da aji da ɗalibai da ke cinye min yini, duk da haka ga halin da nake ciki. Ita fa? Yarinyar da ta tashi a gidan yawa, ga 'yan uwa ga ƙawayen Islamiyya, in kai ta ɗaki ɗaya a garin da ba mai jin Hausa, ba mai jin Turanci sosai, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce a ba ni gishiri? In ta sami ciki wa zai kula da ita, wa zai yi mata wankan jego? Ina jin tsoron kada in ɗauki ciwona in raba mana biyu in kira shi magani. Da na gwada faɗa mata gaskiya sai ta yi fushi, ta ɗauka wata na ajiye a can. Gwaggonta ma ta fara jefa magana cewa 'yan waje haka suke.

Abokaina kuwa ba wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci. Wani cewa ya yi in ba shi kaɗaicin ya ba ni bencin majalisa, mu ga wanda zai fara kuka. Wani ya ce rashin godiyar Allah ne, mutane na sayar da gona don su fita. Na san akwai gaskiya a maganarsu, shi ya sa na yi shiru. Amma barci ya fara ƙaurace min a can, na rame, kuma na kama kaina ina magana ni kaɗai a ɗaki da ƙarfi don in ji Hausa a kunnena. Tun da na dawo hutu duk wannan ya ɗauke, ina ci ina barci. Da na tuna ranar komawa sai gabana ya faɗi.

Akwai shawarar da wani ɗalibi a masallaci ya ba ni, cewa in nemi aiki a kudu, wajen Hat Yai ko Fattani, inda masallatai suke ko'ina kuma abincin halal ba wahala. Sai dai lardunan can na ƙarshe sun daɗe suna fama da tashin hankali, tun 2004 abin ya tsananta, kuma in Inna ta ji haka ba za ta runtsa ba. Canjin makaranta kuma yana nufin sabunta takardar izinin aiki tun daga tushe.

Don haka Malam, ka dube ni a matsayin ɗanka ka faɗa min gaskiya. In koma in ƙara shekara ina cije haƙori saboda ƙannena da ke karatu, ko in haƙura in dawo in rungumi ɗan abin da zan samu a gida? Idan komawar ce, yaya mutum zai shiga cikin jama'ar da ba addininsu ɗaya ba, ya halarci murnarsu da baƙin cikinsu, ba tare da ya taɓa addininsa ba, kuma ina iyakar take? Batun auren kuma, in ɗaura in bar ta a gida wurin Inna ina zuwa shekara-shekara, ko in tafi da ita, ko in roƙi a ɗaga har in ga inda na dosa? Kuma da wane baki zan yi wa Kawu bayani ba tare da ya ga na raina shawararsa ba?

Idan cikin masu saurare akwai wanda ya taɓa zaman koyarwa ko karatu a irin waɗannan ƙasashe, musamman wanda ya tafi da iyali, ina roƙon a ba shi dama ya faɗi yadda ya yi. Makaranta na jiran amsata kafin ƙarshen Afrilu.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Jahun, Bauchi