Ana neman ƴan sa-kai don gasar ɗalibai ta ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Asabar mai zuwa ce gasar waƙa, muhawara da wasan kwaikwayo ta makarantun sakandaren yankinmu. Alƙalai sun samu, masu hidima ne har yanzu babu.

Wanda muka fi buƙata shi ne mai riƙe agogo. Minti 5 kowane mai muhawara yake da shi. A minti na 4 ka ɗaga kati, na 5 na cika ka buga ƙararrawa, ko yaro na tsakiyar magana, ko da ɗan yayarka ne. Bara sassaucin nan ne ya jawo cece-kuce, har wani malami ya kwashe ɗalibansa ya tafi.

A bayan dandali muna son mata biyu su kula da kayan wasa, su rawani da zannuwa da ƙorai, su kuma kwantar wa yara hankali, don wasu jikinsu har ɓari yake kafin a kira su. Sai mai lura da janareta da lasifika.

Ba kuɗi a ciki, sai shinkafa da ruwan leda. Mai hali ya rubuta sunansa a nan kafin la'asar ɗin Alhamis. Don Allah ban da sitika.

Allah ya saka da alheri.