Ƙorafi Kan Gyararriyar Ƙwaƙwalwar Mota da Ke Ta Ƙonewa

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa.

Mu masu gyaran wayarin mota ne, kuma kukanmu a kan gyararriyar ƙwaƙwalwar inji ne, wato kwamfutar da ke sarrafa aikin inji, da kamfaninku ke sayar wa masu tsofaffin motoci. Ana ɗaura ta, mota ta tashi lafiya lau, kafin a jima silinda ɗaya ta ɗauke, ko inji ya ƙi tashi gaba ɗaya. In an mayar muku, sai ku ce garanti ya faɗi domin laifin daga jikin mota yake. Sau da yawa gaskiyarku ce. Amma ku kuke buɗe ƙwaƙwalwar, ku kuke ganin abin da ya ƙone, kuma ba kwa faɗa wa mai mota komai. Sai ya sayi ta biyu, ta mutu irin mutuwar ta farko.

Kun san yadda abin yake. Injekta, wato abin da ke fesa fetur a inji, wayoyi biyu gare ta: ɗaya na kawo wuta volt 12 daga rile, ɗayar kuma tana komawa ƙwaƙwalwa, inda taransista, wato ƙaramin makunnin lantarki, ke haɗa ta da atin (hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin mota) a duk lokacin fesa mai. Idan robar wannan waya ta biyu ta goge har ta taɓa mai wuta, da zarar taransistar ta haɗa, wutar batir kai tsaye za ta bi ta cikinta ta ƙone ta. In kuwa jikin inji ta taɓa, injekta za ta tsaya a buɗe, fetur ya cika silinda ya gangara cikin baƙin mai. Wayar da ta shekara 25 ko 30 tana shan zafin inji takan bushe ta farfashe, kuma wayarin wasu motocin Mercedes-Benz na farkon shekarun 1990 ya yi suna wajen marmashewa a hannu. Sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta maganin wannan.

Abin da ya fi damun mu shi ne shirunku kan nau'in injekta. Akwai mai ohm 12 zuwa 16 (ohm shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta), wadda ke jan wuta kusan amfiya 1. Akwai mai ohm 2 zuwa 4, wadda dole ta samu ko dai ƙwaƙwalwar da aka ƙera don ita, ko akwatin rizista mai rage wuta a hanyarta, kamar yadda wasu motocin Honda da Nissan na wancan zamanin suke da shi. A haɗa mai ohm 2.5 da volt 14 ba tare da rizista ba, wutar ta haura amfiya 5. Taransistar da aka yi don amfiya 1 ba za ta daɗe ba. Tsohuwar mota kuwa ta sha hannu, ƙila an canza mata inji ko injektoci tun tuni. Duk da haka, masu sayar da kayanku kan duba soket kawai, in ya shiga shi ke nan, ba a gwada lambar ƙwaƙwalwa da ta inji ba.

Akwai kuma laifin da naku ne kaɗai. Kafasitocin ƙwaƙwalwar shekarun 1980 da 1990 sukan tsiyayar da ruwansu ya cinye layukan tagulla na allo. Ana samun kayanku an canza taransista ɗaya, an bar tsofaffin kafasitoci a wurinsu, allon ma ba a wanke ba. Wannan faci ne, kuma bai dace a sayar da shi da sunan gyara ba.

Don haka muna neman ku sa takardar gwaji a cikin kowane kwali, wadda za a cike kafin a ɗaura ƙwaƙwalwa. A cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa, a auna kowace injekta da mita tana sanyi, a sake aunawa tana da zafi, domin nadin wayarta yakan nuna lafiya da safe ya gaza in inji ya gasu. Wadda ta bambanta da sauran da fiye da ohm 1 abar zargi ce. A auna kowace wayar injekta tsakaninta da atin da kuma layin wuta, ana girgiza damin wayoyin. Da zarar inji ya tashi, a tabbatar altaneta na ba da volt 13.5 zuwa 14.5, in ta wuce 15 a tsaya. Asarar wuta a atin ɗin ƙwaƙwalwa kada ta wuce volt 0.1. A duba bawul ɗin salo (mai daidaita gudun inji in ba a taka totur ba) da kwayil, su ma sukan ƙona ƙwaƙwalwa, a duba soket ko ruwa ko mai ya shiga. Ku rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a cire kan batir inji na aiki, kuma ba a soka fitilar gwaji mai ƙwai a wayoyin ƙwaƙwalwa, sai mai LED.

Duk ƙwaƙwalwar da aka dawo muku da ita, ku mayar da rahoto a rubuce: wane sashe ya ƙone, kuma wane fil na soket yake kaiwa. Wanda ya kawo takardar gwaji cikakkiya, ku cika masa garantinsa. Muna sauraron amsarku a fili, kamar yadda muka rubuto a fili.

Mu huta lafiya,
Wasu masu gyaran wayarin mota